Yadda Ake Tsara Zuriyar Sarkin da Ba Ya Mutuwa a Labarin Ƙirƙira

Marubutan labaran yaƙi da tsafi suna son sarkin da ya shekara ɗari biyar ko dubu a kan gado. Matsalar ita ce yawanci sai a ba shi ɗa guda mai taurin kai da 'ya guda kyakkyawa, a rufe maganar iyali a nan. Mai karatu da ya san gidan sarauta zai tambaya ina sauran suke. Mutumin da ya yi ƙarni shida yana aure yana haihuwa zuriyarsa ta fi ƙarfin gida, ta zama al'umma, kuma ciyar da ita da hana ta tawaye shi ne rabin aikin mulkinsa. Don haka kafin a rubuta babi na farko, a ɗauko takarda da kalkuleta.

Sharaɗin ransa tukuna

Abu huɗu za a yanke, a rubuta a shafin farko na littafin tsari, kada a sauya su a tsakiyar labari. Yana tsufa ko jikinsa ya tsaya a shekarun da abin ya same shi? Makami yana kama shi? Har yanzu yana haihuwa? 'Ya'yansa suna gadon tsawon ran? Tambaya ta uku da ta huɗu su ke gina zuriya, biyun farko na fagen yaƙi ne.

Yawancin masu karatun Hausa Musulmi ne, sun san kowane rai zai ɗanɗani mutuwa, shi ya sa labarin ya fi zama daidai idan abin jinkiri ne mai sharaɗi, a wata duniya ta daban ko a zamanin jahiliyya: kurwa da aka ɓoye a wani wuri, ko alkawari da aljanu mai wa'adi. A bar talakawan cikin labarin su yi imani ba ya mutuwa, marubuci kuma ya riƙe inda lagon yake.

Idan ana gadon tsawon rai, a sa masa ƙa'ida mai lamba. Wadda ta fi sauƙin riƙewa ita ce rabi. A ce talaka yana kai shekara 70, sarki kuma yana ba ɗan cikinsa ƙarin 240, ya kai 310. Jika ya sami ƙarin 120, ya kai 190. Tattaɓa-kunne ƙarin 60, na bayansa 30, sai 15, daga nan abin ya ɓace cikin jama'a. Yanzu duba abin da ƙa'idar ke haifarwa da kanta. Jika da jikanya idan suka yi aure, kowa ya ba ɗansu rabin nasa, 60 da 60, ya tashi da ƙarin 120 kamar iyayensa. Ke nan manyan gidaje ba za su yarda ɗansu ya auri bare ba ko da wasa, auren zumunci zai zama doka, kuma yarinyar da ta so maƙeri ta yanke wa 'ya'yanta shekara sittin-sittin. Ka sami rikicin soyayya mai dalili ba tare da ka ƙirƙiri mugun uba ba.

Lissafin kawuna

A ɗauki zuriya mai rai irin na kowa don lissafin ya fito fili. Tsakanin uba da ɗa a ƙiyasta shekara 30, wato shekara 600 sahu 20 ke nan. A ce sarki yana samun ɗa ko 'ya guda mai rayuwa har ya yi iyali duk shekara goma, uku ke nan a kowane sahu, 60 gaba ɗaya. Wannan ƙanƙanin adadi ne ga sarki. An ruwaito Sobhuza na Biyu na Swaziland, wanda ya shekara 82 yana sarauta har zuwa 1982, ya haifi 'ya'ya 210 daga mata 70.

A ƙasar da yawan jama'arta ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kowane mutum yana barin 'ya'ya biyu a matsakaici. Idan ana ƙirga ta wajen maza da ta wajen mata, zuriya tana ninkawa duk sahu. 'Ya'ya ukun farko za su ninka sau 19, su zama 1,572,864. Ukun da suka biyo baya rabin haka, 786,432. Aka bi har ƙasa aka tara, sahun ƙarshe ya kama 3,145,725. In masarautar mutum miliyan ɗaya ce, lissafin takarda ya zarce yawan jama'a, domin ana ƙirga mutum guda ta hanyoyi da yawa, dangi suna auren dangi. Ma'anarsa dai kusan kowa a ƙasar jinin sarki ne, har mai tallan nono da mai gadin ƙofar gari. Lura kuma da cewa rabin wannan adadi daga 'ya'ya ukun farko ya fito, alhali duk waɗanda ya haifa a shekara 300 na baya-bayan nan zuriyarsu 3,069 ce kacal. Tsofaffin gidaje suna da jama'a, sababbi suna da kusanci da sarki. Wannan shi ne babban layin rikicin fadarka.

Ta wajen maza kaɗai labarin daban ne, kuma a nan ne marubuci ke da linzami a hannu. Idan kowane namiji yana barin ɗa namiji guda a matsakaici, 'ya'yan sarki maza 30 ba za su haura maza 30 a sahun ƙarshe ba, gidaje da yawa ma sun mutu a hanya. Amma 'yan sarki suna da mata da hatsi fiye da talaka. Ka sa matsakaicin 1.2, sahun ƙarshe ya zama kimanin maza 280. Ka sa 1.5, ya kai kusan 10,000. Zaɓi lambar da ta dace da labarin: 280 zuriya ce da sarki zai iya sanin kowa a cikinta da fuska, 10,000 kuwa runduna ce.

Akwai abin da kusan kowa ke mantawa. Bayan shekara ɗari huɗu ko biyar, duk budurwar da sarki ya gani a ƙasarsa mai yiwuwa jikanyarsa ce ta nesa, kuma a shari'a jikanya ba ta auruwa komai nisan sahunta. Ko duniyar labarin ba ta Musulunci ba ce, mai karatu zai ji ƙyamar abin. Mafita uku ce: ya daina aure tun a wani ƙarni, ko ya riƙa nemo mata daga ƙetare ta hanyar yaƙi da gaisuwa, ko ya keɓe wasu ƙauyuka da aka haramta wa jinin sarauta auren 'yan cikinsu, don daga can kaɗai ake kawo masa amare. Ta uku ta fi daɗin labari, saboda waɗannan ƙauyuka suna da gata kuma fursunoni ne a lokaci guda.

Gadon da ba a rabawa

Ba a rabon gado sai mai dukiya ya mutu, ba a naɗa sabon sarki sai gado ya zama babu kowa. A masarautarka duk biyun ba sa faruwa. Ciroma zai tsufa yana Ciroma, ya mutu, a naɗa wani. Tarihi ya nuna ɗanɗanon wannan. Ramsis na Biyu na Masar ya shekara 66 a kan mulki, kuma ɗansa na goma sha uku, Merneptah, shi ya gaje shi yana dattijo, don yayyensa goma sha biyu sun riga ubansu. Luwis na 14 na Faransa ya yi 72, daga 1643 zuwa 1715, ɗansa ya rasu a 1711, babban jikansa a 1712, sarauta ta faɗa kan tattaɓa-kunne ɗan shekara biyar.

A nuna wannan a zahiri maimakon a bayyana shi. Safiyar Juma'a a zauren fada, dogarai biyu sun riƙo Ciroma ɗan shekara tamanin ta hammata, sun durƙusar da shi a gaban matashi mai baƙin gemu wanda ba zai wuce talatin da biyar a ido ba. Tsohon ya kai goshi kusa da ƙasa, muryarsa tana rawa, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki." Sarki ya dube shi, ya juya ya tambayi Sarkin Fada da ƙaramar murya ɗan wace ɗaki ne wannan. Layi biyar sun isa.

Dole marubuci ya yanke abin da sarkin ke yi da 'ya'yan nan, kuma tarihi ya gwada hanyoyi da dama, kowace da inda take ɓaci. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta gwada kisa: Mehmed na Uku ya sa an kashe 'yan'uwansa maza 19 da ya hau mulki a 1595. Daga baya aka koma kulle su a wani sashe na fadar Topkapi, inda Sulaiman na Biyu ya shafe fiye da shekara 35 kafin a fito da shi a naɗa a 1687. Habasha ta riƙa tsare 'yan sarki a kan dutsen Amba Geshen, daga baya Wehni. Illar kulle ita ce ranar da ake bukatar jarumi daga gidan sarauta, sai a tarar da mutanen da ba su taɓa hawa doki ba.

Japan ta gwada sauke su. A 814 Sarki Saga ya ba wasu 'ya'yansa sunan Minamoto ya mai da su talakawan sarki kamar kowa, sarakunan bayansa suka bi sahu. Waɗanda aka sauke suka tafi larduna suka zama shugabannin mayaƙa, har wani daga zuriyarsu, Yoritomo, ya zama Shogun, wato shugaban mulkin soja, a 1192, iko ya koma hannunsa, sarki ya zama na ado. Thailand kuma ta sa muƙamin sarauta ya riƙa raguwa sahu bayan sahu, bayan na biyar mutum ya koma talaka. Ga sarkin da ba ya mutuwa wannan ya fi kowanne aiki, domin yana tsayar da yawan masu cin albashi a wuri guda, kuma yana samar da mutumin da labari ke so: ɗan sahu na shida, wanda ubansa ke da rawani da doki shi kuwa ba shi da komai.

Hanyar da ta fi kashe daula ita ce a ciyar da kowa a hana shi aiki. Daular Ming ta Sin ta yi haka. Wanda ya kafa ta a 1368 ya haifi maza 26, ya yanka wa zuriyarsa albashin hatsi, aka hana su sana'a da aikin gwamnati na tsawon lokaci, bayan ƙarni biyu suka kai dubun-dubata, baitulmali ya kasa biya. Gwada da lambobinka. Baligi yana cin kimanin buhu biyu na hatsi mai kilo 100 a shekara. 'Yan sarki 10,000, kowa da gida mai baki goma, buhu 200,000 ke nan, ba a sa dawakai da tufafi ba. Ƙasa mai mutum miliyan ɗaya, gida takwas-takwas, gidaje 125,000 ne. In kowane gida ya noma buhu 20 ya ba da ɗaya bisa goma, fada ta tara 250,000. Kashi 80 cikin 100 ya tafi cikin dangin sarki kafin a ciyar da soja ko guda. Fari na shekara biyu a jere ya ishe ka dalilin tawaye.

Gidaje, da mai riƙe lissafinsu

Tunda uba ɗaya ne, da uwa ake rarrabewa. A raba zuriyar zuwa gidaje huɗu ko biyar bisa matan da suka haifi kakanninsu, kada a wuce haka, don mai karatu a waya ba zai koma baya ya duba waye waye ba. Gidajen sarautar Zazzau huɗu ne, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, kuma wannan adadi ya isa a ƙulla ƙawance a warware. A ba kowane gida abin da ya riƙe wanda sarki ba zai iya rasawa ba: wani dawakai, wani rumbuna, wani mashigar kogi, wani sirrin tsafin da ke riƙe ran sarkin. Gidan da ba shi da abin riƙo suna ne kawai, a goge shi.

Ana kuma bukatar manyan da ba jinin sarki ba. A Kano Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki bisa al'ada. A masarautarka masu irin wannan muƙami sun shekara ɗari shida ba su yi zaɓe ko sau ɗaya ba, mai yiwuwa babu wanda ya tuna yadda ake yi, kuma ranar da bukata ta taso kowane gida zai fito da tasa ruwayar. Bare mai ƙarfin soja kuma ta aure zai shigo. Timur, mayaƙin tsakiyar Asiya wanda ya rasu a 1405, ba jinin Jengis Khan sarkin Mongol ba ne, don haka bai kira kansa Khan ba: ya auri 'yar gidan, ya ɗauki laƙabin suruki, ya ajiye wani ɗan zuriyar a kan gado yana mulki da sunansa.

Takardar zuriya a yi ta da layuka shida: suna, uwa, gida, sahu, shekarar haihuwa, shekarar mutuwa, ana ƙirga shekaru daga ranar hawan sarki. Mutum 30 zuwa 40 sun isa a takardar, goma sha biyu kawai za su fito a labarin da suna. Don a gane sahu daga jin suna, a ari dabarar Ming, inda kowane reshe ke da jerin kalmomi 20, kowane sahu ya ɗauki ɗaya a cikin sunansa. Kai ma ka tsara gajerun gaɓoɓi a jere, duk 'yan sahu na tara su fara da gaɓa ɗaya, 'yan na goma da wata.

A cikin labarin kuma wani ne ke riƙe wannan lissafi, ko maroƙan fada da ke haddace shi cikin kirari, ko magatakarda mai kundi. Inda albashi da tsawon rai suka rataya a kan sahu, za a sayi mai lissafin. Cire suna guda daga tsakiyar jeri yana ɗaga gida gaba ɗaya daga sahu na shida zuwa na biyar. Shaida ɗaya tilo da ya ga komai da idonsa shi ne sarkin, don haka a yanke tun farko ko ƙwaƙwalwarsa tana riƙe shekara 600 ko tana zubar da na baya. In tana zubarwa, mai kundi ya fi Waziri iko.

Ƙananan al'adu suna ƙara wa fada rai. Uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, to sarkin nan har yau bai taɓa furta sunan ɗansa da ya mutu shekara 500 da suka wuce ba, kuma gidan da ya fi kowane girma da sunan ake kiransa. Wasan jika da kaka kuma sai an yi masa iyaka, in ba haka ba ƙasar gaba ɗaya tana da ikon tsokanar sarki.

Inda lissafi ke karyewa

Kuskuren da ya fi yawa na shekaru ne. Uwa ta haihu tsakanin 15 da 45, sai dai in ƙa'idar tsawon rai ta shafe ta, kuma in ta shafa a faɗa sau ɗaya a fili. 'Yan'uwa uba ɗaya suna iya rata da shekara 400, ba su taɓa ganin juna ba, don haka kada a haɗa su a zaure guda ba tare da duba layin mutuwa ba. Jariri da aka haifa wa sarki bana baffa ne na nesa ga tsohon da ke riƙe da gida mai mutum dubu, kuma a tsarin sahu shi ne gaba. Wannan ba kuskure ba ne, a yi amfani da shi, amma a tsara yadda tsohon zai gaishe da uwar jaririn.

Na biyu shi ne daskarar da ƙasa. Ƙarni shida harshe ya sauya, kasuwa ta ƙaura, rijiyoyi sun ƙafe, makamai sun canja. A bar sarki ya riƙa kiran unguwa da sunan da aka daina tun kakannin kakanni, fadawa su bi shi a haka a gabansa, a waje su faɗi na yanzu. Na uku shi ne mai da zuriyar baki ɗaya maƙiyansa. Mafi yawansu ba sa son ya mutu, don darajarsu da hatsinsu daga numfashinsa suke. Masu son ƙarshensa 'yan sahun da aka sauke ne, da Ciroman da ya ga furfura a gemunsa.

In labarin zai kai ga faɗuwarsa, a karanta abin da ya biyo bayan Maulaya Isma'il na Maroko. Ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, ya bar ɗaruruwan 'ya'ya da rundunar bayi da ake kira Abid al-Bukhari. Shekara talatin bayansa rundunar tana naɗa ɗa tana tuɓewa, ɗansa Abdullahi ya hau ya sauka sau da yawa, ƙasa ba ta natsu ba sai da jikansa Muhammadu na Uku ya hau a 1757. Wanda ke biyan soja shi ke zaɓen sarki, kundin zuriya daga baya ake buɗe shi.

Ɓacewa ta fi mutuwa amfani ga marubuci. A fiƙihun Malikiyya ba a raba dukiyar wanda ya ɓace sai shekarunsa sun kai inda sa'o'insa ba sa wucewa, abin da aka fi ƙiyastawa da saba'in. Sarkin da ba ya mutuwa ba shi da tsara, don haka babu alƙalin da zai iya yanke ranar. Gadon yana nan babu kowa a kai, babu kuma mai ikon hawa, sai riƙon ƙwarya. A zaɓi mai riƙon daga gidan da ya fi rauni, wanda sauran suka yarda da shi don ba sa tsoronsa, a rubuta a takardar tsari wa'adin da suka ba shi da wanda ke riƙe mabuɗin rumbuna a tsawon wa'adin.